Kaset ɗin Madam Lau

Duk wanda ya sha shayin Moutari a unguwar Belleville ta Paris cikin shekarun casa'in ya san ba ƙarya nake ba. Mutumin Damagaram ne, siriri, mai bakin tsiya, ya shekara goma da teburin shayi a tasha kafin ya zo Paris. Ya samu aiki a ɗan kafen Madam Lau, wata ƴar Hong Kong mai sayar da shayi da madara da gasasshen burodi. Ran da ta ga yadda yake ɗaga buta sama yana sheƙa shayi ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, ta miƙa masa rariya ta ce nan ne wurinsa. Tukunyar alade kuwa, ya ce tsakaninsa da ita sai kallo.

Kaset guda tak ake sakawa a kafen, daga safe har a tashi. Tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu ne na zamanin ƴanmatancinta. Marigayi mijinta ne ya haɗa su, kuma kafin kowace waƙa sai ka ji shi yana faɗin sunan waƙar, wani lokaci har da tari. Ban da wannan kaset, babu inda muryar mutumin ta rage a duniya. Moutari ba ya jin ko kalma, amma yana bin amshi, mu ƴan gida masu zuwa shan shayi kuwa muna masa tsiya.

To, a lokacin ba wasiƙa muke aikawa gida ba, kaset muke cikawa da gaisuwa. Wata Asabar kafin a buɗe, Moutari ya ari rediyon kafen ya yi wa innarsa magana. Kaset biyu, nasa da na Madam, duka farare, ba rubutu. Ya zari ɗaya ya ba Chaibou, wani ma'aikacin masana'anta a Lyon da ke shirin tafiya gida, ya leƙo sallama zai koma Lyon a safiyar.

Da muka taru, Madam ta danna rediyo. Sai ga muryar Moutari: “Salamu alaikum Inna, ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafar taki?” Muka fashe da dariya. Ita kuwa kujera ta nema ta zauna. Wallahi ranar na ji kunyar kaina.

Moutari ko rigar aiki bai cire ba, ya kama jirgin ƙasa sai Lyon. Ya iske Chaibou a masaukinsa na Saint-Fons, gefen Lyon, yana ɗaure jaka, ya sa aka zazzage ta kaf: sabulu, turare, takalman yara. Can cikin safa aka gano kaset ɗin, Chaibou yana ta “Allah ya shirye ka.”

Washegari ya dawo, ya tarar har yanzu muryarsa ke tashi a kafen. Madam ta karɓi kaset ɗinta hannu biyu, sannan ta dube shi.

“Ban ji abin da ka gaya mata ba,” in ji ta, “amma sau uku ka yi shiru. Shekara nawa rabonka da ita?”

“Bakwai, Madam.”

“Kaset ba ya amsawa, ni na sani. Je ka gan ta, shayi zai jira.”

Ya tafi, kuma ya same ta da ranta. Da ya bari sai baɗi, da bai same ta ba. Sati shida muna shan shayin Madam, salam kamar ruwan wanki, amma ba wanda ya ce uffan.