Likita Ko-ta-kwana da Zazzaɓin Inna

Babu wanda ya taɓa fita daga ofishin Likita Ko-ta-kwana hannu rabbana. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba masa sunan, don ko ƙaya ce ta soke ka, sai ya rubuta maka antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce, "Sha dai, saboda ko-ta-kwana." Mutumin kirki ne, wannan kam babu ja. Shi dai kunya yake ji a ce mara lafiya ya zo gabansa ya tafi da shawara kawai.

Da annobar tari ta ɓarke, kasuwarsa ta buɗe. Gadaje suka cika har baranda. Shi kuma yana ratsawa cikin farar riga da takunkumin fuska biyu, yana rabon allura tun kafin ya gama jin sunan mutum. An sha faɗa a taron likitoci cewa cutar nan ta bairos ce, wata irin ƙwaya da antibayotik ba ya taɓawa. Yakan gyaɗa kai har da cewa "ƙwarai kuwa", ya fito ya ci gaba da abinsa. Jini kuwa yana sa a ɗiba don gwaji, ba ya ƙi, amma sai bayan an ɗura wa mutum magani. Kafin sakamako ya fito, mai jinin ya koma gida ko an kai shi makwancinsa.

Mutane suka so shi kamar me. Innarsa ma ta ƙauye ba ta da hira sai ta ɗanta mai hannun ba da magani.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ya ɗauko ta zuwa gidansa, ya fara mata da kafso, ya koma allura, ya sauya wata, ya haɗa biyu. Jikin sai ƙara zafi yake. Da ta fara sambatu, ya kai ta asibiti, ya ɗebi jininta da hannunsa ya ruga ɗakin gwaji. Tunda ya kama aiki bai taɓa sanin akwai benci a ƙofar nan ba, sai ga shi yana wuni a kai.

Shugabar ɗakin gwajin, tsohuwar 'yar ajinsu, ta fito ta zauna kusa da shi.

"Babu ƙwayar cutar da ta tsiro a jinin," in ji ta. "Me ka ba ta kafin ka ɗebi jinin?"

Ya fara lissafawa. Ta ɗaga hannu.

"Ya isa haka. Ka kwantar da ƙwayar, ba ka kashe ta ba, yanzu ta ɓuya mana. In kana so mu san wadda ke cin ta, a tsayar da komai, mu sa mata ido, mu sake ɗiba."

Haka ya zauna a bakin gadon uwarsa, aljihu cike da magani, ba halin bayarwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya jiƙa tsumma yana shafa mata a goshi.

Inna ta buɗe ido, ta dubi ma'aikaciyar jinya tana yi wa maƙwabciyar gadonta allura, ta dubi tsumman.

"Ɗan nan," ta ce da ƙyar, "in abin ya fi ƙarfinka, ba kunya ba ce. Ka kira mini likitan da ke ba da magani."