Ranin da Babu Famfon da Ya Lalace

Shekarun baya, tun gemuna bai yi furfura ba, na yi aiki da wata ƙungiya a nan Matameye mai kula da famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Kance, Dungu da Ɗan Barto. Ni ba na gyaran komai, ko ƙusa ban iya bugawa daidai ba. Aikina zama gaban ordinatar, wato kwamfuta.

Wata shekara aka kawo mana lojisiyel, wato manhajar da ke bin kowane aiki tun daga shigowarsa har a gama shi. Aka ce in saka mata yarjejeniyar da muka yi da ƙauyuka: in famfo ya lalace, mu amsa cikin yini ɗaya, mu gyara cikin kwana uku. Da zarar ƙorafi ya shigo, agogo ya fara gudu. Kore na nufin muna cikin wa'adi. In ya koma ja, saƙo ya tafi wajen patiron, wato maigidanmu, a Damagaram.

Mako uku muka yi muna zama a kan wannan agogo. Juma'a yini ne cikakke ko rabi? In ana jiran kayan gyara daga Kano, agogo ya tsaya ko ya ci gaba? Babban makanikenmu ya rantse in ba a cire ranar kasuwa ba, shi ya bar aikin. Na gaji har na koma cewa "to" tun mutum bai gama magana ba.

Abu ɗaya ne ba wanda ya tanka a kansa: wa zai iya tada agogon? Ni kaɗai na yanke, wata la'asar, ina hamma. Lambar wayar shugaban kwamitin ruwa na kowane ƙauye, ita kaɗai, don kada kowa ya riƙa damunmu. Har na rubuta amsar da za a mayar wa sauran lambobi, da Faransanci mai kyau: ba a san wannan lamba ba, a nemi shugaban kwamiti. Sai da na sake karanta jimlar sau biyu don daɗinta.

Aka yi girbi, rani ya shigo, allona kore shar. Patiron ya kira ya yaba mini. Na fara tafiya cikin gari kamar ni na haƙa rijiyoyin da hannuna.

Wata ranar kasuwa sai ga wata dattijuwa a ƙofar biro, wato ofishinmu. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa duk da na miƙa mata kujera. Muka gaisa, ta faɗi ƙauyensu, can wajen Ɗan Barto.

"Ɗan nan, famfonmu ya mutu. Yau kwana goma sha tara."

Na duba allo. "Inna, ba a sanar da mu ba. Ina shugaban kwamiti?"

"Ɗana ne. Yana Fatakwal tun bayan girbi. Shi da mataimakin nasa, da mai rubutun, duk sun tafi cin rani. In sun tsallaka iyaka ai layin wayar can suke sawa."

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo wata ƙaramar waya ta maƙwabciyarta. Sau shida suka aiko mana saƙo da ita. Ta miƙo mini.

"Ga abin da yake dawo mana. Malamin makarantar lakwal ya karanta, ya ce wai ba a san mu ba. Na ce to, bari in zo su gan ni."

Jimlata ce, ba ko kuskure ɗaya. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta ce mata na tashi da asuba zuwa ƙauyen gaba, su bi layi bayan masu gari, su dawo rana ta take da jarka ɗaya a ka. Lambun tumatir ɗin da matan suka haɗu suka yi ya bushe tun makon farko. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ba baƙo ba ne. Yayana ma a lokacin yana Legas. Kowace shekara ni nake kai shi tasha. Na san sarai wa ke zama a ƙauye da rani, amma da na zauna gaban allo sai na rubuta lambobin maza.

Na buɗe ƙorafin da hannuna. Makanike ya je washegari, wata ƴar wayar lantarki ce ta ƙone, kwana biyu da zuwanta ruwa ya zo. Na duba saƙonnin da manhaja ta ƙi karɓa, na tarar ba ƙauyensu kaɗai ba ne. Na buɗe wa kowace lamba hanya. Cikin mako guda allo ya yi ja, patiron ya kira, wannan karon ba yabo. Na roƙe shi in mayar da kwanan ƙorafin dattijuwar baya, zuwa ranar da suka fara aikowa. Ya ce rahoto ya riga ya tafi, in bar shi haka. Ban ja ba. Na gaji, kuma ina son aikina.

Na daɗe da barin wurin. Yanzu in aka nuna mini tsari aka ce komai na tafiya cikin wa'adi, ba na murna, sai in ji wata kasala ta sauko mini. Tambaya ɗaya nake yi: wa aka bai wa damar ya ce abu ya lalace, kuma yana gari?

Har na tafi ban gyara wancan rubutu ba. A cikin manhajar, gyaran famfonsu kwana biyu ya ɗauka, cikin wa'adi. Matan ƙauyen sun san ashirin da ɗaya ne, don a kansu suka ɗauko ruwan kowace rana.