Jan Ƙyallen Akhu Sangdrak

A ƙauyen Serkha, kan tsaunukan da ke saman garin Trika, duk babur ɗin da ka gani akwai ɗan ƙullin jan ƙyalle a hannunsa na hagu. Baƙi kan ɗauka laya ce daga gidan ibada. Ba laya ba ce. Aikin Sangdrak ne, bakaniken ƙauyen, wanda kowa ke kira Akhu, wato kawu.

Shekararsa sittin da uku. Da kiwon yak, shanun tsauni masu dogon gashi, ya fara kamar kowa, har ranar da doki ya kayar da shi ya karya masa ƙugu. Ya sauka Trika ya yi shekara shida a gareji, ya dawo da akwatin sufana da ɗingishi. Dawowarsa ta yi daidai da lokacin da makiyaya suka fara sayar da dawaki suna sayen babura.

Babur daga kwari yake zuwa, an saita shi da iskar kwari. Idan ya hau mita dubu huɗu sai iska ta yi masa kaɗan, mai ya yi masa yawa, ya riƙa tari yana baƙin hayaƙi. Sangdrak yakan kwance kafireta, ya cire ɗan notin tagulla mai huda wanda mai ke bi, wanda suke kira jet, ya sa mai ƙaramar huda. Sai ya tayar da inji ya karkata kai yana saurare, ya zaro fulogi ya duba. In bakinsa ya yi kalar shayi da madara, aiki ya yi. Daga nan ya naɗe tsohon jet ɗin a jan ƙyalle ya ɗaure a hannun babur, ya ce wa mai shi: "Ran da za ka sauka kwari, tsaya a gadar farko ka mayar da wannan."

Wande, wani makiyayi mai surutu, ya sha jin wannan gargaɗi.

"Akhu, sau tara ke nan kana faɗa mini. Ko matata ba ta maimaita magana haka."

"Matarka ta gaji da kai ne. Ni ban gaji ba. A wace gada?"

"Ta farko, Akhu, ta farko!"

Ana yin dariya, amma kowa a Serkha ya san mafarin ƙyallen.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Sangdrak ya saita wa ƙanensa Lubum babur don hawa makiyayar bazara. Ya jefa babban jet a gwangwani, bai gaya masa ya mayar da shi ran da zai sauka kwari ba. Bayan wata biyu matar Lubum, Pagmo Tso, ta kwanta da ciwon ciki mai tsanani. Lubum ya ɗaure ta a bayansa da ɗamara ya nufi asibitin Trika. Suna gangarawa iska na ƙaruwa, mai kuwa ta ƙaramar huda yake bi. Inji ya yi zafi, bayan gada ta biyu fistin ya narke. Awa huɗu suka yi a bakin hanya kafin mota ta zo. Pagmo Tso ba ta kai asibiti ba.

Lubum bai zagi wansa ba, bai kuma kai shi ƙara wurin dattawa ba. Ya bar babur ɗin inda ya mutu, ya koma kan doki, ya daina yi masa magana. In sun haɗu a gidan ibada sai ya bi ta ɗayan gefen. Sangdrak ya ci gaba da kunna wa mamaciyar fitilar man shanu duk shekara, yana ƙulla ƙyalle wa mutanen da ba ƙanensa ba.

A bana gwiwoyin Lubum suka ƙi hawan doki, 'yarsa da ke aiki a Trika ta aiko masa da sabon babur. Da safiyar da ake tashi zuwa makiyayar bazara, Sangdrak na zaune a ƙofar shago ya ji wani inji na tari a hawa. Ya ɗaga kai ya ga ƙanensa. Wande, wanda ke shan shayi a wurin, ya ajiye ƙoƙonsa ya ce shanunsa na kiransa, ya tafi.

Lubum ya kashe inji ya sauka. "Yana shaƙewa," ya ce, yana kallon babur.

Sangdrak ya shimfiɗa buhu ya durƙusa. Aikin da yakan gama kafin shayi ya huce ya ɗauke shi kusan awa, don sau biyu sukurdireba ta suɓuce masa. Ya saurari inji, ya duba fulogi. Sannan ya yago ƙyalle ya naɗe babban jet, ya miƙe zai ɗaure.

"Bari," in ji Lubum.

Sangdrak ya tsaya da ƙullin a hannu. "Lubum, a gwangwani na jefa shi. Kalma biyu ce, ban faɗa maka ba. Ba ni da wata hujja."

Garken wani ya wuce su, ƙararrawar shanu na kaɗawa.

"Tun gadar farko Pagmo Tso ta ce mini inji na warin ƙuna," in ji Lubum. "Ta ce in tsaya ya huce. Ban tsaya ba."

Ba a taɓa jin wani a Serkha ya ba da wannan ɓangare na labarin ba, kuma Sangdrak ya ce shi ma ranar ya fara ji.

Lubum ya durƙusa a kan buhun da ƙyar, ya miƙa hannu. "Ƙulli ba ya amfanar wanda bai iya kwance kafireta ba. Nuna mini, Yaya."

Sau uku suka kwance suka ɗaura. A na biyu Lubum ya yar da jet a ciyawa, suka yi ta lalube su biyu.

"Hannunka har yanzu kamar kofaton yak," in ji Sangdrak.

"Kai kuma har yanzu ba ka iya koyarwa ba."

A na uku Lubum ya yi shi kaɗai. Ya karɓi jan ƙyallen ya ɗaure da kansa, ƙulli biyu. Ayarin makiyaya ya riga ya yi nisa, amma bai tayar da inji ba. Ya zauna a inda Wande ya tashi, ya ciro ƙoƙonsa na itace daga cikin riga ya ajiye kusa da butar shayi.