Almakashin Goggo Hansai

Duk wanda ya san Goggo Hansai ya san almakashin nan. Da baƙar igiya ta ɗaure shi ta rataya a wuya, ko gidan biki za ta yana nan ƙarƙashin mayafi. Ni 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na tashi a Gwaram, amma ban taɓa ganin ta yanka yadi da shi ba. In aka tambaye ta sai ta ce, "Na ranar da ba a so ne."

Sana'arta kun sani, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da turmi da kasko ta fara, har Allah ya buɗa mata ta sayi injin markaɗe ta ɗauki mata aiki. Wata shekara aka kira masu ƙananan masana'antu bita a Birnin Kudu kan kare lafiyar ma'aikata. Wasu shinkafar rana ce ta kai su, ita kuwa Goggo da tambaya ta je.

Ta ce wa mai koyarwar, "Ɗan nan, in inji ya ci hannun mai aiki, wa za a kama?"

Ya ce, "Hajiya, ke doka za ta fara tambaya. Kin koya mata aikin? Kin ba ta abin kariya?"

Sai ta ce, "To ai Allah ma abin da zai tambaya ke nan."

Daga ranar muka shiga uku. Ba mai zuwa kusa da inji da mayafi yana reto, sai ɗankwali ɗaure tam da rigar aiki. Bokitan yashi a kowane lungu. Kuna tsakiyar tuya sai ku ji ta buga murfin tukunya tana cewa, "Wuta, wuta!" Nan take a kashe inji, a sauke kasko, kowa ta fita gindin darbejiyar ƙofar gida. Ranar farko maƙwabta suka ɗauka da gaske ne, suka zo a guje da bokitan ruwa. Ko sannu ba ta ce musu ba. Ta ce, "Ruwa a wutar mai? Ku ma ku nemi wuri ku zauna a koya muku." Haka magidanta suka tsuguna da bokitansu ana yi musu karatun yashi.

Wata rana ta buga murfin, kowa ta fito ban da Tabawa mai tuyar ƙuli. Can sai ga ta da takalminta a hannu, wai sabo ne ta koma ɗaukowa. Goggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Allah ya jiƙan Tabawa."

Tabawa ta ce, "Haba Goggo, ga ni fa."

Goggo ta juyo gare ni ta ce, "Kina jin wata murya? Ni ba na hira da matattu."

Wuni guda ba ta kula ta ba. Da aka kawo alalen rana Tabawa ta miƙo hannu, Goggo ta janye kwanon ta ce mamaci addu'a yake buƙata. Sai da la'asar ta kira ta ɗaki ta ba ta nata da ta ajiye mata, har da ƙarin mai. Tabawa ba ta sake komawa ɗaukar ko tsinke ba.

Shi kuwa jami'in da aka turo duba wuraren aiki, na san har gobe yana ba da labarinta. Ko'ina ya je ɓoye masa ake yi, a nan tarbarsa aka yi kamar ango. Ya zagaya, ya yaba, ya ce komai lafiya zai wuce. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba inda za ka sai ka samo mini laifi. Tun daga nesa ka ƙona mai ka zo, ka ce ba ka ga komai ba?" Bawan Allah ya koma yana leƙe-leƙe yana gumi, har ya gano tukunyar kashe gobara wa'adinta ya wuce. Ku zo ku ga murna wajen Goggo. Ta ce, "Yauwa, yanzu na san an turo mini ma'aikaci." Ta sayo sabuwa, amma kun san ta da tsimi, ba a yar da tsohuwar ba. Ta jera mu a tsakar gida kowa ta gwada fesawa. Kajinta suka kwana biyu fari fat, zakaran ko cara ya ƙi yi.

Muna dariyarta, muna kiranta Hajiya Doka a bayan idonta, har ranar Ladidi. Ladidi baƙuwa ce, aure ya kawo ta daga Sundimina, ranar ta fara aiki. Bakanike ya cire murfin bel ɗin inji zai gyara bai mayar ba. Ta shigo da mayafinta, ta sunkuya kwashe gyaɗar da ta zube, bel ya kama bakin mayafin ya fizgo wuyanta. Ina tsaye a wurin, ban tsinana komai ba. Tabawa ce ta yi tsalle ta kashe injin kamar yadda aka koya mana, Goggo kuwa kafin bel ya gama juyawa ta riga ta datse mayafin da almakashin nan na wuyanta. Ladidi ta faɗi zaune, goshinta saura kaɗan ya taɓa ƙarfe.

Goggo ta zauna a ƙasa ta rungume ta. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce, "Ni na bar ta ta shiga ban koya mata ba." Ta rufe aiki ranar, ta sa aka nemo bakanike ya mayar da murfin tana tsaye a kansa. Da Ladidi ta dawo hayyacinta sai ta fashe da kuka, wai mayafin na lefenta ne. Goggo ta ce, "Yi kukanki 'yar nan, mai wuya ce take kukan mayafi." Ranar kasuwa ta sayo mata sabo. Gajere.

Tun daga nan masu injin niƙa daga ƙauyuka suka riƙa turo ma'aikatansu ta koya musu. Ba ta karɓar komai, sai dai duk wanda ya yi gyangyaɗi ya share wurin.

A ciwonta na ƙarshe a asibiti a Birnin Kudu, magana ma da ƙyar take yi. Na sunkuya zan gyara mata filo, na ga bakinta yana motsi. Na kai kunnena ina tsammanin wasiyya ce. Ta ce, "An goge ƙasan nan yanzu, akwai santsi. Ki bi ta gefe."

Na bi ta gefe, Goggo. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika tsare 'ya'yan mutane suka riƙa komawa gida lafiya, ke ma Allah ya sauke ki lafiya a gidan Aljanna. Amin.