Awa Biyar da Rabi na Sallau Direba

Shekara talatin Sallau yana jan mota tsakanin Matameye da Damagaram, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa tashi a lokacin da ya faɗa wa fasinja ba. In ya ce ƙarfe tara, to ka je ka ci tuwonka ka dawo da azahar. Mota ba ta tashi sai ta cika. Shi a ganinsa haka duniya duka take tafiya.

Da yayansa Bawa zai tafi aikin Hajji, sai ya zo har tasha neman gafara, kamar yadda maniyyaci yake yi. Shekara shida ke nan ba sa ga maciji, saboda iyakar gona a Ɗan Barto. Tsohon ya dogara sanda, yana haki, ya ce, "Sallau, ka yafe mini. Ban san ko zan dawo ba."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Sallau, ya ci gaba da goge gilashi.

A ransa ya riga ya yafe, taurin kai ne kawai. Ya ce bari tsohon ya ɗan ji a jikinsa, sai ranar tashi ya kira shi. An ce jirgi zai bar Yamai ƙarfe tara na safe, shi kuwa ya lissafa da irin tararsa. Wajen sha ɗaya ya danna lamba, ya ji a kashe.

Ya ruga gidan Rashida, 'yar Bawa. Ta ce, "Baba ƙarami, jirgi ba ya jiran ya cika. Tara daidai suka tashi. Kilomita wajen dubu huɗu ne zuwa Jidda, awa biyar da rabi."

"Yaya jikinsa?"

"Ɗaukarsa aka yi zuwa ƙofar jirgin."

Sallau ya koma tasha. Ya zauna, ya miƙe, ya buɗe gaban mota ya rufe ba abin da ya duba. Ya sayi shayi ya bar shi ya huce. Mutumin da ke sa jama'a jira tun yana saurayi, ga shi awa biyar ta gagare shi. Wallahi na tausaya masa, ko da yake shi ya ja wa kansa. Tsoronsa ɗaya ne, kada Bawa ya cika a sama da wannan nauyi a tsakaninsu.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sai ga baƙuwar lamba, ta wani abokin tafiyar Bawa. Muryar tsohon can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, na yafe," in ji Sallau.

"Me ka ce? Kunnena ya toshe tun a jirgi."

Sallau ya dubi direbobi da masu talla da suke kallonsa. Ya tsaya a tsakiyar tasha, hawaye na zuba a gemunsa, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Na ce na yafe! Kai ma ka yafe mini, Yaya!"