Noeline da Tunkiyar Roba

Shekara talatin da ɗaya Noeline Tuckwell ta yi tana tantance ulu a rumfunan askin tumaki na yankin Hamilton, ni kuwa ina dafa wa masu askin abinci. Aikinta a yatsu da kunne yake. Za ta tsinko gashi kaɗan, ta ja shi kusa da kunnenta, ta ɗalle shi da yatsa. Daga ƙarar take gane ko tunkiyar ta sha yunwa a bara. Ƙartin maza ma ba sa yi mata musu.

Sai gonakin da muke zagayawa suka yi ta sayar da tumakinsu suna dasa itatuwan katako. Noeline tana da shekara sittin da biyu, ga mijinta Clarrie kwance da ciwon ƙirji, da ƙyar ta samu aiki a wani kantin tufafi. Aikin nan kaɗai ke riƙe da gidan.

Da sanyin watan Yuni ya kama, don a nan lokacin ne hunturu, yayin riguna masu tattausan gashi ya shigo mana daga Melbourne. Duk yarinyar da ka gani ta koma ɗan rago, sai ɗaukar hoto ake. Kuma wallahi roba ce zalla! Ni abin har yau yana ƙona min rai.

Mai kantin, Tahlia, sa'ar 'yar Noeline ce. Ta ce, "Mama, in sun tambaya ki ce laushin ɗan rago ne, shi ke nan."

"Ragon wace gona?"

"Haba Mama! Ki dai faɗa."

Sati biyu tana danne zuciyarta. Ran nan wata baƙuwa ta ɗauko farar riga ta ce, "Iya, an ce ke gwana ce. Ulun garin nan ne ko?"

Hannun Noeline bai jira shawararta ba. Ta tsinko gashin daga kafaɗar rigar, ta kai kunne, ta ɗalle. Shiru.

Ta ce, "Yarinya, wannan tunkiyar ba ta taɓa cin ciyawa ba."

Baƙuwar ta tuntsire da dariya, ta zaɓi wata, ta biya, ta tafi abinta. Ko a jikinta. Tahlia kuwa ta sallami Noeline kafin azahar, ta haɗa ta da rigar mai sanƙo a kafaɗa, wai ba ta sayuwa.

Makon jiya na gan ta a tashar bas, za ta asibiti wajen Clarrie, iskar kudu kamar ta yanke kunne. Farar rigar ce a jikinta.

Na ce, "Noeline! Ke ce cikin wannan abin? Ina rigar ulun da kika saƙa?"

"Tana jikin Clarrie, ɗakinsu akwai sanyi." Ta ja wuyan rigar ta rufe kunnuwanta. "Kar ki fara, Beryl. Kin san abin da ya fi ci min rai? 'Yar banzar tana da ɗumi."