Tukunyar Darbejiyar Hauwa

Jiya na tarar da ganyen darbejiya yana tafasa a gidana na Maitumbi, na ɗauko bargo zan yi surace.

"Baba, aje bargon nan!" in ji 'yata Hauwa. "Aikin jami'a ne. Ruwan za mu haɗa da sinadarin zinki, ya ba mu wani farin gari da ido ba ya ganin ƙwayarsa, mai tsarkake ruwan sha."

Ni ma ilimin sinadarai na karanta, amma ƙasar nan ta zaunar da ni a ofis ina buga hatimi har ritaya.

Na ce, "Tafi da ni ɗakin gwajin mana, ko kwalba in riƙe miki."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake.

Yau tun safe na goge takalmina. Jama'a, in sake tambayarta?